Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sarakunan Hausawa, limamai da malaman Islamiyyar mata na Legas kan bitamin A da sankarar mama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa. Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu mata masu riƙe da makarantun Islamiyya daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12, Obalende, Ijora da Alaba Rago, ina gaishe ku da hidimar jama'a.

Ni 'yarku ce, ma'aikaciyar jinya a nan Legas. Na zaɓi in rubuto muku a fili ne saboda maganar da ke tafe da ni ta riga ta bazu a fili. Ana yin ta a gidan suna, ana yin ta a wajen biki, tana yawo a saƙon murya daga wannan waya zuwa waccan: wai masu bincike na ƙasashen waje sun gano bitamin A yana hana sankarar mama, in ma ƙullutu ya riga ya fito yana narkar da shi, ba sai an je asibiti an yanka mace ba. Wanda ya kawo labarin kuwa sau da yawa kwalbar tana cikin jakarsa.

Da a ce ƙarya ce zalla, da kore ta bai yi wuya ba. Akwai guntun gaskiya a ciki, kuma guntun nan ne ake riƙe mata da shi a gida wata da watanni. Shi ya sa nake roƙon ku yi haƙuri da ni in warware zancen tun daga tushe, domin ku ne za a zo a tambaya, ku ne kuma in kun yi magana ake ji.

Bitamin A abu ne da jiki ba ya yi sai da shi. Ido na buƙatarsa, rashinsa ne ke kawo dundumi. Fata na buƙatarsa, haka garkuwar jiki. Ta hanya biyu yake shiga cikinmu. Akwai shiryayye, wanda ake kira retinol, yana cikin hanta da ƙwai da madara da man shanu. Akwai kuma wanda ke zuwa daga tsirrai a matsayin launi, bita-karotin da danginsa, wato jan da ke cikin karas da manja da kabewa da gwanda da mangwaro, wanda kuma ke ɓoye cikin koren zogale da alayyahu. Wannan na biyu jiki ne ke juya shi ya zama bitamin A gwargwadon abin da yake so. Babbar mace tana buƙatar kimanin maikirogiram 700 a rana, namiji 900. Abin da ya yi saura hanta ce ke adana shi, ba ya bin fitsari ya fita kamar yadda bitamin C ke yi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Me ya haɗa shi da daji? A cikin jiki bitamin A yana rikiɗa ya zama wani sinadari da ke ba ƙwayoyin halitta umarni: ke kin isa girma, tsaya nan, kama aikinki, daina hayayyafa. Ciwon daji kuwa ba komai ba ne illa ƙwayoyin da suka daina jin wannan umarni. Saboda haka likitoci suka sa rai, kuma sa ran nasu na da dalili. A shekarun 1980 likitoci a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka gwada wani magani ɗan gidan bitamin A a kan wani nau'i guda na sankarar jini, ya yi aiki yadda ba a zata ba, har yau kuma da shi ake maganin wannan nau'in a duniya. Sai aka ce to, bari a gwada a sauran.

An gwada, kuma ba gwajin wasa ba. A ƙasar Finlan an ɗauki maza 29,133 masu shan taba, aka riƙa ba wasu ƙwayar bita-karotin kullum, wasu ba a ba su ba. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka aka yi wani da mutum 18,314, aka haɗa musu bita-karotin da retinol. Dole aka tsayar da shi a watan Janairun 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, domin sankarar huhu ta ƙaru da kashi 28 cikin ɗari a cikin masu shan ƙwayar, mutuwa kuma ta ƙaru da kashi 17. Wani zai ce ai wannan huhu ne, kuma mashaya taba ne, ina ruwan matanmu. Haka ne. Amma darasin da likitoci suka ɗauka a nan ya shafi kowa: abin da ke da amfani a cikin kwanon abinci, in aka tattara shi aka dunƙule a ƙwaya, ba lalle ya zama alheri ba. Wanda ya taɓa noma a gida ya san taki in ya yi yawa ƙone shuka yake yi.

A kan mama kanta, gwaji mafi girma a Italiya aka yi shi, ƙarƙashin wani shahararren likitan tiyata na birnin Milan, Umberto Veronesi. Mata 2,972 ne, dukkansu an riga an yi musu aiki an cire ciwon tun yana ƙarami. Aka ba rabinsu wani magani mai suna fenretinid, wanda aka ƙera daga dangin bitamin A, tsawon shekara 5, don a ga ko zai hana wani sabon daji fitowa. Sakamakon 1999 ya nuna in aka haɗa matan gaba ɗaya babu wani bambanci. An dai ga alamar amfani a cikin matan da ba su daina al'ada ba, abin da ya sa masana suka ci gaba da bibiya, amma har yau ba a amince da shi a matsayin maganin da za a rubuta wa mace don wannan ba. A lura da abu biyu. Matan nan sai da aka yi musu tiyata tukuna, babu wadda aka ce ta zauna da ƙullutunta tana haɗiyar ƙwaya. Sannan fenretinid ba bitamin A na kemis ba ne. Hasali ma rage bitamin A yake yi a cikin jini, har wasu matan suka riƙa fama da rashin gani da dare, shi ya sa ake ba su hutun kwana 3 kowane wata.

To ina guntun gaskiyar? Yana wajen abinci. A 2012 masu bincike suka haɗa manyan nazari guda 8 da aka yi, inda aka ɗebi jinin mata tun suna lafiya aka ajiye, aka bi su shekaru ana dubawa. Mata 3,055 daga ciki suka kamu da sankarar mama. Da aka kwatanta, matan da jininsu ya fi yawan waɗannan launuka na ganye da 'ya'yan itace sun fi waɗanda nasu ya fi ƙaranci tsira da kimanin kashi 19 cikin ɗari. Labari ne mai daɗi, ni ma ina faɗa wa mata shi. Sai dai a duba da kyau. Ɗaya daga cikin launukan da suka fi nuna wannan alaƙa shi ne laikofin, jan da ke cikin tumatir da kankana, shi kuwa jiki ba ya juya shi ya zama bitamin A ko kaɗan. Kuma macen da ke cin ganye da kayan marmari kullum yawanci akwai wasu abubuwa tare da ita: ba ta cika ƙiba ba, tana motsa jiki, tana da ɗan abin hannu. Wanne ne a ciki ya kare ta? Shi ya sa Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya, a rahotonsa na 2018, ya sa abinci mai karotin a sahun abubuwan da ke da alamar kariya amma hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba, ya kuma ce kada a dogara da ƙwayoyin ƙarin sinadari don rigakafin daji. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya fito ƙarara a 2022 ya ce kada a sha ƙwayar bita-karotin da wannan niyya.

Iyakar abin ke nan. Cin ganye da karas da gwanda na iya ɗan rage haɗarin kamuwa ga mace mai lafiya. Babu wani bincike da ya nuna bitamin A, na abinci ko na kwalba, ya narkar da dajin da ya riga ya fito a maman mace.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Legas muke wannan magana, garin da yawancin karas da tumatir da tattasan da ake ci 'yan'uwanmu ne ke sauke su a Mile 12 daga Jos da Zariya da Kano. Hanta ga ta nan a mayankar Oko-Oba, mahautanmu ne a kanta. Manja kuwa ai a ƙasarsa muke zaune. Ban da wannan, tun 2002 doka ta wajabta a sa bitamin A a cikin sukari da man girki da fulawa a Najeriya, shi ne alamar idon nan da kuke gani a jikin buhu da galan. Matar da mijinta ke sayar da karas buhu-buhu ita ce za ta cire kuɗin adashenta ta sayi kwalbar da ba a san inda aka cika ta ba. Da ta yanka karas ɗin a miya da ɗan mai, ta samu abin da take nema, domin da maiƙo jiki ke tsotse shi. Sai dai in ja kunnen masu koyon girkin maƙwabtanmu: manjan da aka bari a wuta har ya yi fari, irin na miyar ofada, jan da ya gudu shi ne karotin ɗin.

Na ce zan dawo kan hanta. Tunda jiki ba ya zubar da rarar retinol, taruwa yake yi. Iyakar da masana suka gindaya wa babba ita ce maikirogiram 3,000 a rana, wato 10,000 a ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin kwalba. Wanda ya daɗe yana wuce nan zai iya gamuwa da ciwon kai, bushewar fata, zubewar gashi, raunin ƙashi da lalacewar hanta. Ga mai ciki abin ya fi muni, domin yana iya nakasa jariri tun a watannin farko, lokacin da wata ma ba ta san ta ɗauka ba. Ko hantar saniya, yanka guda da bai wuce tafin hannu ba ya ɗauke buƙatar mako guda, don haka mai juna biyu ta yi hankali da tsiren hanta. Kun san jan kafson nan da ake ba yara a makon lafiyar uwa da yaro, wanda ma'aikaciya ke datse wa kai da almakashi ta matsa a bakin yaro? Guda ɗaya 200,000 ne a ma'aunin IU ɗin nan, shuɗin na jarirai 100,000, kuma sai bayan wata 4 zuwa 6 ake maimaitawa. Ga yara ceto ne, a ci gaba da kai su. Amma na ji da kunnena ana ba babbar mace shawara ta nemo shi ta riƙa sha kullum saboda ƙullutu. Wannan guba ake ba ta.

Har wadda ta riga ta fara kemo, wato maganin asibiti mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji, ba ta tsira daga masu shawara ba. Wani nazari da aka yi a Amurka kan mata 1,134 masu karɓar kemo na sankarar mama ya ga alamar cewa masu shan irin waɗannan ƙwayoyi, bitamin A da C da E da karotin, kafin magani da lokacinsa, ciwon ya fi dawo musu. Hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba, amma ta isa a ce kada mai kemo ta haɗiyi komai sai likitanta ya sani.

Yanzu ga abin da nake gani a wajen aiki. Mace ta shigo ta lulluɓe da mayafi biyu cikin zafin Legas, 'yarta na biye da ita da leda. In aka zazzage ledar, kwalabe ne da suka ƙare, da ƙullin gari, da man shafawa, wani lokaci da takardar da aka rubuta mata yadda za ta sha. In ta buɗe ƙirji, tsumma ne aka naɗe, ya jiƙe, ga tabon sakiya a gefe, ga kaluluwa ta cika hammata ta yi tauri. Ka tambaye ta yaushe ta fara ji, ta ce tun kafin azumin bara, lokacin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya ciwo. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mata, domin yawancin dajin mama da farko shiru yake.

Alƙaluman hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 sun nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Najeriya a shekara guda, kimanin 16,000 suka rasu. Shi ne dajin da ya fi kama mutane a ƙasar nan. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara 5 bayan an gano ciwon. Bambancinmu da su ba a bitamin yake ba. Su ana gano nasu yana ƙarami, mu yawancin matanmu sai ya kai mataki na 3 ko na 4 suke isa gaban likita. Kuma namu yakan zo da wuri, mata 'yan shekara arba'in da wani abu, masu yara ƙanana a gabansu.

Daga nan ne ma camfin nan ya samo ƙarfi, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Mace ta zauna shekara biyu a gida, a kai ta asibiti ciwo ya riga ya shiga huhu da ƙashi, a yi abin da za a iya, ta rasu, sai a ce wuƙar likita ce ta tayar da shi. Wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke kuwa ba ta shela, kunya ta hana ta, tana nan cikinmu tana zuwa Islamiyya ba wanda ya sani. Muna ganin gawa, ba ma ganin masu rai.

Allah ya gafarta malamai, a nan nake neman ku. Hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kun fi ni saninsa. Masu tallar kwalba ma da shi suke buɗe baki. Ina roƙon ku karɓe shi daga hannunsu, ku faɗa a kan mumbari ranar Juma'a cewa neman magani yana farawa da sanin cutar, kuma ba a sanin ƙullutu daji ne ko ba daji ba ne da ido ko da taɓawa. Sai an yi hoto, an ɗebi ɗan tsoka da allura an duba a ɗakin gwaji. Yawancin ƙullutun mama ma ba daji ba ne, mace ta je a duba ta dawo da kwanciyar hankali. Ku yi wa maza magana musamman, domin su ne a gabanku. Mata da yawa ba jahilci ne ya zaunar da su ba, tsoro ne: kada a cire mama miji ya juya baya, kada a yi mata kishiya tana kwance, kada ya ce ba shi da kuɗi, kada ya ce namiji ba zai duba matarsa ba. Akwai likitoci mata da ma'aikatan jinya mata, a nemi su. In babu, lalura ce, hukuncinta kuma ku ne masu faɗa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, a yi su a kan hanyar asibiti.

Iyayenmu malamai mata, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Minti goma a ƙarshen darasi ya isa a gaya wa ɗalibai abin da za su lura da shi: ƙullutu a mama ko a hammata, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa na fita ba shayarwa ake ba, fata ta tattare ta yi ramuka, gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa ma kada ta ce ai nono ne ya kwanta in abu ya ƙi bajewa. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi wannan ciwo ta faɗa wa likita, domin akwai wanda ke bin jini. In kuna son abin da za ku ce yana rage haɗari da hujja mai ƙarfi, ga shayarwa: wani babban nazari na 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Ga motsa jiki, ga kiyaye ƙiba bayan an daina al'ada, ga nisantar giya. Ku gayyato mu, ma'aikatan lafiya masu jin Hausa muna nan a garin, za mu zo mu nuna yadda mace ke duba kanta, mu amsa tambayoyin da ba a iya yi a gaban maza.

Ranku ya daɗe, naku ya fi nauyi, domin magana ce ta kuɗi da ta iko. Ba zan ɓoye muku ba, maganin daji na da tsada, kuma wani lokaci mai sayen kwalba ba don ta yarda da ita ba ne, don ita ce kuɗinta ya kai. Wurin zuwa dai akwai. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, katanga ɗaya da unguwar Hausawa, kuma tun Fabrairun 2019 aka buɗe cibiyar daji a cikinsa mai injinan gasa daji da haske. Ga LASUTH, asibitin koyarwa na jiha, a Ikeja, kusa da mutanen Agege. Ƙananan asibitocin unguwa na iya dubawa su tura gaba. Ga inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, wadda mutanenmu da yawa ba su yi rajista ba saboda ba wanda ya yi musu bayani da harshensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a shirinta na 2021: daga ranar da mace ta kai kuka zuwa ranar da za a tabbatar mata da abin da ke damunta kada ya wuce kwana 60. Abin da ke cinye kwanakin nan a wajenmu sau da yawa ƙanana ne: kuɗin hoto, kuɗin gwajin tsoka, kuɗin mota, da wanda zai raka ta ya yi mata tafinta, domin mace da ba ta jin Turanci ko Yarabanci tana iya yini a layin da ba nata ba.

Waɗannan fada za ta iya ɗauka. Kowace fadar Sarkin Hausawa ta buɗe gidauniya ta gwajin farko kaɗai, 'yan kasuwar gwari da na shanu da 'yan canji su zuba, malamai su duba ko wani kaso na zakka zai shiga. A samu mata biyu ko uku a kowace unguwa da aka san su da riƙon sirri, waɗanda aikinsu rakiya ne. Sannan ku kira masu kemis da masu maganin gargajiya na cikinmu ku zauna da su. Ba cewa na yi a hana su cin abinci ba, da yawansu mutanen kirki ne kuma su mata ke fara zuwa wa. A yi yarjejeniya ɗaya: duk macen da ta zo da ƙullutu a mama, ba sayarwa, ba sakiya, ba shafawa, a tura ta asibiti a ranar. Wanda kuma aka kama yana shelar bitamin ko wani haɗi na warkar da daji, da lasifika ko ta waya, fada ta miƙa sunansa ga NAFDAC, domin ita ce hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan magunguna da tallarsu.

Watan Oktoba ne aka ware a duniya don wannan ciwo, amma ban ga dalilin jiran sa ba. Ina roƙon a sa maganar a zaman fada na gaba, a kira mu ranar.

Allah ya ja zamaninku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
'Yarku, ma'aikaciyar jinya, Agege, Legas